Itacen Wankan Murja

Gidan Barde, ta Taura
9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Baba Ishaya da mutanen Limawa gaba ɗaya. Yaya ƙafar Baba? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sau uku, na shuka gero a 'yar gonar bayan gida. Babbar gonar na bar wa ƙanen marigayi maigidana, ni kaɗai ba zan iya da ita ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar ta marigayi ce, da na kara ta a kunne sai in ji kamar muryarsa. Ga shi sai an hau tudun makaranta ake samun sabis, kowa yana jin abin da mutum ke faɗa. Ɗan karatun da na yi a ajin manya na coci zai ishe ni. Malam Fa'izu direba yana shiga Dutse duk Litinin da Alhamis, ya ce zai riƙa miƙa miki.

Na gode da zaman makoki. Kwana bakwai kika yi a kan tabarma, ke da ba ki saba ba. Kakanninmu ne wa da ƙane, amma wasu da muke ciki ɗaya da su ba su yi mini haka ba. Ubangiji ya sāka.

Maganar 'yar taki ce ta sa na ɗauki biro. Ranar da kika bugo kika ce tana da juna biyu, marigayi ya tashi ya hau wasa gatari, kin san halinsa. Washegari ya saɓi gatari ya nufi ƙiryar nan da iska ta kayar a bakin gona. Kwana goma sha ɗaya yana faskare. Na ce, "Maigida, saura fa wata shida, gaggawar me kake yi?" Ya ce, "Ƙirya sai ta sha rana take ba da wuta mai kyau. Ba za a yi wa yarinyar nan wanka da ɗanyen itace ba." Ya gama ran Juma'a, zazzaɓi ya kama shi ran Lahadi, ran Laraba muka rufe shi. Itacen yana ɗakinsa, a jere har kusa da azara. Da safe nakan buɗe ƙofar in tsaya, ƙanshin wurin nasa ne.

Yaya, tun da aka yaye ta aka ba ki riƙonta, shekara ashirin da uku ke nan, ban taɓa cewa a aiko mini da ita ba, ko da hutun makaranta. Amma haihuwar fari a gidan da aka haifi mutum ake yinta, a yi wankan kwana arba'in a gaban uwa. Haka muka taras. Na wanke babbar tukunyar da aka yi mini nawa wankan da ita. Na ware geron kunu, na sami kanwa mai kyau, ga ɗan akuya ina turke da shi. Ɗakin ma na yaɓe shi.

Ki yi wa mijinta magana a Kafin Hausa, a kawo ta farkon Agusta tun hanya ba ta lalace ba.

Ki gaida Baba. Ki gaida 'yar taki.

Ƙanwarki,
Talatu


Limawa, Dutse
24 ga Yuni

Ƙanwata Talatu,

Alherin Ubangiji ya zauna tare da ke. Takardarki ta iso. Da na karanta wa Baba Ishaya wurin faskaren itace, ya cire tabarau ya goge ido. Mijinki Iliya mutumin kirki ne, Allah ya sa mu gana da shi a gaban kursiyinsa. Ƙafar Baba da sauƙi, yana takawa har coci. Ki riƙa cin abinci, ranar da na baro ki wuyanki duk ya fito.

Game da Murja, zan gaya miki yadda abin yake ba tare da kwana-kwana ba. Tana nan wurina tun makon jiya, mijinta ne ya kawo ta. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, da muka je awo aka ce jininta ya hau. Likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti, ta rage gishiri, kanwa kuwa ko ƙanshinta. Daga ƙofar gidanmu zuwa asibiti tafiyar minti goma ce a adaidaita. Daga Gidan Barde fa? Ke kin fi ni sanin yadda hanyarku take zama in Agusta ta raba.

Kada ki ce ni kaɗai na yanke. Na zaunar da ita na gaya mata abin da kike so. Ta ce, "Mama, ni a ɗakina zan yi jego." Kin san ɗakin nata yana nan yadda ta bar shi ranar aure, ko labulen ban canza ba.

Batun ruwan zafi kada ya dame ki, muna da gas, nan da nan yake tafasa. Itacen ki riƙa girki da shi, zai kai ki har baɗi. In Allah ya sauke ta lafiya ki zo suna, ki kwana biyu tare da mu. Zan aiko miki da atamfar anko da wuri don ki sami ɗinki.

Na san ba haka kika so ba. Ki karɓa a matsayin nufin Allah. Ke ce mai yi wa matan Zumuntar coci gargaɗi a kan biyayya, ba sai na koya miki ba.

Murja tana gaishe ki.

Yayarki,
Zinariya


Gidan Barde
3 ga Yuli

Yaya Zinariya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Gero ya kai gwiwa.

"Ki riƙa girki da shi." Sau uku na karanta wannan layin. Yaya, tuwon mutum ɗaya nake tuƙawa yanzu, kara uku ya ishe ni. Gumin ƙarshe da bawan Allah nan ya yi a duniya kike cewa in dafa miyar kuka da shi?

Kika ce nufin Allah ne. Abin da ke ba ni mamaki, duk sanda nufin Allah ya taso a danginmu, a ƙofar gidanki yake sauke kaya. Ranar da dattawa suka zauna a gindin tsamiya suka ce, "Zinariya shekara tara babu haihuwa, ke kuwa Talatu yarinya ce, wasu na tafe," shi ma nufin Allah aka kira shi. Na ce to. Kika goya ta da sabon zane, tana miƙo hannu tana ihu, na juya na shiga madafa, don abin kunya ne a ga mace tana yi wa 'yar fari kuka. Mako guda nonona yana kumbure kamar dutse. Wasun da aka ce suna tafe sun zo, guda biyu, babu wanda ya kai yaye. Ban zo na ce ki dawo mini da ita ba. Ko na zo?

Ke kika ga ranar da ta fara zuwa makaranta. Ke kika tsaya a bayanta ranar baftisma, ni sai hoto aka aiko mini. Ranar aurenta, da Fasto ya ce uwar amarya ta miƙe, kika miƙe da ɗaurin kallabinki kamar rumfa, ni ina benci na huɗu, hannuna yana warin albasa don tun asuba nake kan tukwane. Na yi tafi tare da kowa. Ranar da aka rufe ubanta, a cinyarki ta kwantar da kai ta yi kuka. Ina kallo ta ƙasan mayafi.

Duk wannan na haɗiye. Kwana arba'in kawai na roƙa, a cikin shekara ashirin da uku. Shi ma ya yi miki yawa. Yanzu in zo suna da anko, kamar matar maƙwabci, a ba ni kujerar roba da shinkafa a leda.

Wai ɗakinta. A nan aka yanke mata cibi, yana binne a gindin bangon da nake jingina kullum. Wane ɗaki gare ta da ya riga wannan?

Maganar likita kuma, wace mai ciki ce ƙafarta ba ta kumbura? Ni da nata cikin, zoben azurfata sai yanke shi aka yi. Amma ina za ki sani? Kin taɓa jin naƙuda? Kin san yadda ake gwada zafin ruwa, ko yadda ake kama ganyen darbejiya a fyaɗa a bayan mai jego ba a ƙona ta ba? Koyarwar firamare daban, wannan daban. Gas ba ya koya wa mutum abin da cikinsa bai taɓa ɗauka ba.

Na faɗa. In na yi zunubi, Allah yana gani.

Talatu


Gidan Barde
28 ga Yuli

Yaya,

Ina kwana. Ina fata kowa lafiya. Litinin uku da Alhamis uku ina fita bakin hanya in tari Malam Fa'izu, yana girgiza mini kai tun daga nesa. Jiya ya miƙo mini leda, na buɗe da sauri, atamfa ce. Na warware ta gaba ɗaya na kakkaɓe, ko layi ɗaya babu. Tana nan a ƙasan akwati, ban kai wa tela ba.

Na tambaye shi ko ya ga 'yar taki. Ya ce ya gan ku a kasuwa kuna zaɓen bahon jariri, ita ce ke riƙe miki da jaka, kuna ta dariya. Ya ce, "Ai Maman coci, kamar an tsaga kara, har tafiyarsu iri ɗaya." Bawan Allah bai san abin da ya yi ba. Na dawo gida na kasa ɗora tukunya. Goshin ubanta ne da ita, haƙoran nawa ne, amma tafiyar taki ce. Ashe har tafiya ana iya ƙwace wa mutum.

Ran Lahadi aka yi Jibin Ubangiji. Da farantin gurasa ya iso kaina na sunkuyar da kai ya wuce. Tun da aka yi mini baftisma ban taɓa bari ya wuce ni ba. Da yamma Mama Fasto ta shigo, ta ce, "Talatu, da wa?" Na ce, "Da 'yar'uwata." Ta ce, "To ki je ki shirya da ita mana." Na ce, "Mama, ni aka ci wa, ni kuma zan bi da ban haƙuri?" Ta ce, "Ni ban zo shari'a ba. Na ga dai ke ce kika kwana da yunwa, ba ita ba." Na ba ta ruwa ta sha ta tafi.

In muna addu'ar da Ubangiji ya koya mana, da an zo wurin da ake cewa a yi nufinsa, sai in rufe bakina har a wuce. Ni da nake tsayawa gaban mata in ce a miƙa wa Allah kome. Ashe na iya faɗa ne don ba a taɓa abin da na ɓoye ba.

Ban janye maganata ba. Amma ki gaya mini yaya ƙafar tata. Ko layi biyu ne.

Talatu


Gidan Barde
29 ga Agusta

Yaya Zinariya,

Salamar Almasihu a gare ki da gidanki. Ban san ran da wannan za ta same ki ba. Ruwa ya cinye hanyarmu tun goma ga wata, motar Malam Fa'izu ba ta shigowa. Zan ba wani mai kwalekwale ya kai masa tasha. Ban sami amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba. Ina lafiya. Rabin geron ya kwanta a ruwa, katangar yamma ta zube, amma ɗakuna suna tsaye.

Kin tuna Rabi'atu, 'yar maƙwabciyata, wadda ta riƙa kawo mana kunu lokacin makoki? An kawo ta gida haihuwar fari tun Yuli. Kullum in na gan ta a tsakar gidansu uwarta tana yi mata tsifa, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji, in ce ga waɗanda 'ya'yansu suka san hanyar gida.

Ran Asabar da ta wuce da hantsi na ji salati ta kan katanga. Na shiga na tarar da ita a ƙasa tana jijjiga, idonta ya juye, uwarta ta rasa inda za ta kama. Babu mota, babu babur. Ƙyauren ɗaki aka cire aka ɗora ta, maza huɗu suka ɗauka a ka, muka shiga ruwa har ƙirji. Ni ke gefe ina riƙe da hannunta. Daga nan kwalekwale, daga nan titi. Mun bar gida tun hantsi, ba mu ga ƙofar asibiti ba sai bayan la'asar. Ita ta rayu. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba.

Yaya, duk tsawon hanyar nan ƙafafunta nake kallo. Sun kumbura, takalmi ba zai shiga ba. Kalmomin takardarki ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

Da za mu dawo na bar su suka yi gaba. Na tsaya a cikin ruwa ni kaɗai, na ce, "Ubangiji, da ka biye mini, da ita ce a kan ƙyauren nan." Wata biyu ina faɗa da shi a kan ya hana ni, ashe riƙe mini hannu ya yi kamar yadda ake riƙe yaro a bakin rijiya. Ban ce na gane dalilin da ya sa ɗan Rabi'atu ya tafi ba. Ban gane na nawa biyun ba har yau. Amma na faɗi kalmar nan da nake tsallakewa, da ƙarfi, har wani mai kamun kifi ya waiwayo.

An sallamo ta ran Alhamis. Ko ɗa bai tsaya ba, ai jiki sai an gasa shi. Duk garin nan babu busasshen itace, kowa nasa ya sha ruwa, sai na ɗakin marigayi, don a kan duwatsu ya jera shi. Uwarta ba ta roƙe ni ba, ta san na wane ne. Na buɗe ɗakin na daɗe a tsaye. Guda na farko shi ne mai nauyi. Yanzu safe da yamma ni nake hura wutar, ni nake kama ganyen. Ba hayaƙi ko kaɗan. Da gaskiyarsa, ƙiryar ta sha rana.

Abin da na rubuta miki a kan naƙuda, ki yafe mini don Allah. Na san inda ciwonki yake, na sa yatsa a wurin da gangan. Wadda ta yi jinyar ƙyanda da tarin shiƙa, ta yi ta faɗan a sa takalmi shekara da shekaru, ba a tambayarta ko ta ji naƙuda.

Ba zan yi miki ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Jiya ma da na tuna bahon nan sai da ya motsa. Amma na daina ba shi abinci. Ta haihu a wurinki, ta yi jego a ɗakinta. Abu ɗaya nake roƙo. Na ware wa Rabi'atu nata itacen, saura ya fi rabi. In hanya ta buɗe ki bari in aiko, ko sau ɗaya a tafasa mata ruwa da itacen ubanta. Ba sai na zo ba.

Ran Lahadi mai zuwa akwai Jibi. Zan miƙa hannu.

Ƙanwarki,
Talatu


Limawa, Dutse
9 ga Agusta

Talatu,

Ina gaishe ki. Murja da sauƙi, ana auna ta duk mako, jinin bai ƙara hawa ba. Ga layi biyun da kika roƙa. Sauran kuma dole ce ta sa.

Takardarki ta uku ga Yuli ta kwantar da ni kwana biyu. Na rubuta amsa sau huɗu ina yagawa, don kowacce ta fi taki dafi. Na sa takardar taki a cikin littafin waƙoƙi, Murja ta je ɗauka ta gani. Ta karanta, ta nemi sauran, na ba ta. Na ɗauka ni za ta tausaya wa. Sai ta ɗago ta ce, "Mama, dubi. 'Yar taki, 'yar taki, 'yar taki. Takarda uku, ko sau ɗaya ba ta rubuta sunana ba. Tun ina yarinya ban taɓa jin ta kira ni ba. Ranar da Baba Iliya ya rasu na je ƙofar ɗakinta na durƙusa, ta kau da kai ta ce a ba baƙi ruwa. Yanzu kuma tana faɗa a kaina? Itacen take so a gani ko ni?"

Talatu, ni na san kunyar 'yar fari ce. Uwata ma har ta mutu ba ta kira yayanmu da sunansa ba. Amma Murja a gari ta tashi, a cocinmu akwai kowace kabila, ƙawayenta iyayensu suna kiransu da suna, suna rungume su a bainar jama'a. Babu wanda ya fassara mata shirunki. Ni ya kamata in yi. Tana aji uku ta tambaye ni, "Me ya sa Inna ba ta sona?" Na ce, "Haka halinta yake." Kalma uku za su gyara, na ƙi faɗa. Daddawa da gyaɗar da kike aikowa duk kaka, da rigar sanyin da kika saƙa mata, cewa nake "an aiko daga ƙauye."

Kin ce nufin Allah a ƙofata yake sauka. Shekara ashirin da uku ina kallon goshin da ba na mijina ba, haƙoran da ba nawa ba. Duk zuwanki sai na kasa cin abinci, ina jiran ranar da za ki ce ta ɗauko kayanta. Maganar likita gaskiya ce, amma da ya faɗa daɗi na ji, Allah ya gafarta mini.

Kuma kin yi gaskiya, ban iya ba. Na sayi 'yar tsana ina rufe ɗaki ina koyon wankan jariri, sau biyu tana suɓuce mini a baho. Baba Ishaya ya leƙo ya ce, "Malama, wannan jikan namu ba ya kuka?"

Jiya na zaunar da Murja na gaya mata duka. Ta yi kuka, yau ko gaisuwar kirki ban samu ba. Na cancanta.

Zinariya

3 ga Satumba. Wannan takarda sau biyu tana dawo mini saboda ruwa. Yau Malam Fa'izu ya kawo taki. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ban canza ko kalma a tawa ba. Na yafe, ke ma ki yafe mini. Kada ki aiko da itacen shi kaɗai, babu wanda ya iya hura shi a gidan nan. Baba ya sa an kafa murhu a bayan gida. Ki zo da tukunyarki, kanwar dai ki bar ta a can. Murja ba ta ce ki zo ba, ba ta ce kada ki zo ba. Ta dai tambaye ni wace irin bishiya ce ƙirya.


Gidan Barde
8 ga Satumba

Yaya,

Na gode wa Allah, na gode miki. Babu sauran kome tsakaninmu. Batun 'yar tsana kuwa, na yi dariyar da ban yi ba tun Afrilu, har Rabi'atu ta tambaya ko lafiya. Ki ajiye ta, zan nuna miki inda ake tallafe wuya. Ke za ki fara yi wa jaririn wanka, ni ina zuba ruwa.

Ruwa ya janye. Wata maƙwabciya za ta karɓi wankan Rabi'atu. Malam Fa'izu ya ce zai cire kujerar baya saboda itacen, ɗan akuyan kuma a kan cinyata. Ran Alhamis in Ubangiji ya yarda. Atamfar tana wurin tela.

'Yar takardar da ke ciki ba taki ba ce. Ki miƙa mata a hannu, ki fita ki ja ƙofa.

Talatu


Murja,

Ga shi na rubuta. Na ɗaga kai na duba, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ni na zaɓi sunan nan, na raɗa wa ubanki a kunne ya faɗa wa Fasto kamar nasa ne. Tun ranar ban sake faɗarsa a gaban mutum ba. A wurinmu abin da mace ta fi so shi take kau da kai daga gare shi, haka aka koya mini, ban san yana yi miki ciwo ba. Amma kowace safiya in na durƙusa, da shi nake farawa. Allah ya ji shi a bakina har ya haddace.

Ranar da kika durƙusa a ƙofata, na ga goshin ubanki, wanda aka rufe da safe. Da na dube ki sau biyu, da ihu zan yi a gaban surukai. Shi ya sa na ce a ba baƙi ruwa. Ke ba baƙuwa ba ce. Ban kyauta ba.

Mamanki uwarki ce, kada ki juya mata baya a kan abin da ta faɗa miki, ba kowa ke iya tona kansa ba. Ban zo karɓar ki ba. Ruwa zan tafasa.

Ƙirya itace ne mai tauri, jan ciki, ba ya saurin kamawa, in ya kama kuma ba ya saurin mutuwa. Za ki gani.

In na iso ran Alhamis kika fito, kika ga na kasa ɗaga ido, bakina ya ƙi buɗewa, kada ki koma ɗaki, Murja. Ki ɗan tsaya. Koyo nake yi.

Innarki